Binciken Iyakar Maraɗi da Katsina: Ilimin da Ba Ya Kwana a Gida

Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar kilomita 90 ce ko kusa da haka, zuwa Yamai kuwa ta haura kilomita 600. Duk da haka, malamin jami'a da ke nan Maraɗi idan yana son jin abin da takwaransa na Katsina ya gano game da kasuwar Jibiya, galibi sai a wani taro na Yamai ko Abuja ko Dakar zai ji, ta bakin tafinta mai juya Ingilishi zuwa Faransanci, alhali su biyun da Hausa suka buɗi baki. Buhun gero yana tsallake iyaka ta Ɗan Isa a yini guda. Sakamakon bincike kuwa sai ya zaga ta Turai kafin ya iso, in ma ya iso.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan duk lokacin da aka ɗauko maganar haɗin gwiwar masana da hukumomi kan sha'anin iyakoki. Yankin Kano da Katsina da Maraɗi yana cikin wuraren da aka fi yi wa rubuce-rubuce a Afirka ta Yamma. An auna, an ƙirga, an zana taswira. Amma ranar da wani shugaba zai rufe iyaka, ko ranar da tiyar hatsi za ta gagari talaka, sai ka ga kamar ba a taɓa binciken komai ba. Akwai dalilin haka, kuma dalilin ya samo asali tun daga yadda aka shata iyakar.

Turawan Ingila da na Faransa sun fara jan layi a takarda a 1890, daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a tafkin Cadi. Suka sake shi a 1898, suka kuma gyara a 1904 da 1906, domin Faransawa sun gane cewa layin farko ya bar su da hanyar da babu rijiyoyi tsakanin kogi da Damagaram. A cinikin 1904 Ingila ta saki ƙasa a nan, Faransa kuma ta saki haƙƙin kamun kifi da take da shi a wani tsibiri da ke gaɓar Kanada. Daga 1906 zuwa 1908 ayarin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ya bi daji yana kafa alamomi 148. A cikin ayarin Faransawan akwai masu auna ƙasa, da likita, da wani hafsa mai jin Hausa, Landeroin, wanda ya zauna da dattawan fada ya rubuta tarihin sarautun Katsinan Maraɗi da Gobir da Damagaram. Ba da ka suka ja layin nan ba. Sun tarar da tsohuwar ɓaraka tsakanin daular Sakkwato da sarakunan Haɓe da suka baro Katsina suka kafu a Maraɗi, da Gobirawan da suka zauna Tsibiri, sai suka ɗora iyakarsu a kanta. Wato haɗin gwiwar farko tsakanin mai ilimi da mai mulki a wannan iyaka shi ne wanda ya haife ta. Kuma tsarinsa bai sauya sosai ba har yau: mai umarni yana nesa, mai bincike ya zo daga nesa, ɗan gari aikinsa amsa tambaya, takardar kuma ta tafi inda aka biya kuɗinta.

Ban faɗi haka don raina aikin baƙi ba. Wasu cikinsu sun yi mana abin da ba mu yi wa kanmu ba. Emmanuel Grégoire ya fitar da littafinsa kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna yadda arzikin garin ya taso daga cinikin gyaɗa ya koma fiton kaya zuwa Najeriya, musamman tun yaƙin Biyafara da ya toshe hanyar teku, da yadda harkar duka ta tsaya kan amanar da ke tsakanin ubangida da baransa, ba kan takarda ba. Wajen shekara ta 2000 Michael Mortimore da Yamba Boubacar na Jami'ar Yamai, tare da abokan aiki daga Najeriya, suka gwada jihar Maraɗi da ƙasar Kano kan yadda noma da ƙasa da itatuwa suka sauya cikin shekaru masu yawa. A 2014 Jenny Aker da abokan aikinta suka buga wani sakamako da ya kamata kowane jami'in duwan, wato kwastan, ya sani: sun bi farashin gero da wake, suka ga cewa tazarar farashi da iyaka ke haddasawa tana raguwa sosai idan al'umma ɗaya ce a ɓangarorin biyu, sannan a cikin Nijar kanta akwai wata tazarar tsakanin kasuwannin Hausawa da na Barebari, inda babu shinge ko ɗaya. Ɗan kasuwar Maraɗi ya san wannan a jikinsa tun yana yaron shago. Amfanin binciken shi ne ya mayar da abin da aka sani a jiki ya zama hujjar da za a iya ajiyewa a teburin minista.

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin kai hujjar teburin shi ne Farfesa Anthony Asiwaju, masanin tarihi ɗan Najeriya wanda shi kansa ɗan kan iyaka ne, daga Imeko kusa da Jamhuriyar Benin. Ya shiga Hukumar Iyakoki ta Najeriya, ya jagoranci tarukan da suka haɗa malaman jami'a da sarakuna da jami'an gwamnati na ƙasashe maƙwabta, har da na Najeriya da Nijar da aka yi a Kano a 1989. Tunanin irinsu ne ya bi ta hannun tsohon shugaban Mali Alpha Oumar Konaré ya shiga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya kai ga shirin iyakoki na Tarayyar Afirka a 2007, shekarar da kuma aka kafa ƙungiyar masu binciken iyakokin Afirka, ABORNE, a Edinbara. Daga nan aka sami yarjejeniyar haɗin kan iyakoki da ke ɗauke da sunan Yamai, wadda shugabannin Afirka suka amince da ita a 2014. Tana buƙatar ƙasashe 15 su rattaba mata hannu na ƙarshe kafin ta fara aiki, aka kuwa yi shekaru ana jiran cikar adadin.

Inda za a fi ganin ƙarfin wannan haɗin gwiwa da rauninsa shi ne yunwar 2005. Daminar 2004 ta zo da fari da fara, amma giɓin da aka lissafa a ƙasa baki ɗaya bai kai wanda zai sa a yi tsammanin bala'i ba. Masu hasashe sun yi lissafinsu yadda aka koya musu: ga abin da Nijar ta noma, ga bakunan da za su ci, ga abin da ya rage. Lissafin ya tsaya a Ɗan Isa. Abin da bai gani ba shi ne farashi ya ɗaga a Dawanau, babbar kasuwar hatsi ta Kano, hatsin da ya saba gangarowa daga Najeriya lokacin bazara bai gangaro ba, wanda ke nan ma ya bi kuɗi ya yi kudu, wasu maƙwabta kuma suka hana fitar da nasu. Buhun gero ya doshi jika 30 na sefa, darajar akuya da tunkiya ta faɗi, makiyayi ya sayar da biyu bai sayi abin da ɗaya ke saya masa a da ba. Jihar Maraɗi da ake kira rumbun ƙasa ita ce ta cika cibiyoyin tamowa da yara.

Bayan haka ne aka farka. A 2006 wata tawaga da ta haɗa CILSS, kwamitin yaƙi da fari na ƙasashen Sahel, da FEWS NET masu gargaɗin yunwa, da Hukumar Abinci ta Duniya da Kulob ɗin Sahel na ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD ta bi hanyar Kano zuwa Maraɗi tana tambayar 'yan kasuwa da direbobi. A 2007 aka yi babban taro a Katsina, aka fito da shirin da ake kira K2M, wato Kano-Katsina-Maraɗi, ƙarƙashin inuwar Hukumar Haɗin Gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa tun 1971 kuma mazauninta na Yamai. Abubuwan da aka ce za a yi masu hankali ne: a riƙa musayar labarin kasuwa, a rage wahalar shingaye, a sauƙaƙa tura kuɗi tsakanin sefa da naira. Kuma an sami riba ta gaske a fuska ɗaya, domin tun daga lokacin babu mai hasashen abinci a Nijar da zai yi lissafi bai leƙa farashin arewacin Najeriya ba.

Wannan ribar ta ɗore ne saboda tana da mai ɗauke da ita kowane mako. Ma'aikacin SIMA, hukumar da ke bin farashin kayan gona, yana shiga kasuwa ranar cinta da littafinsa. Ya tsaya wurin mai awo ya tambayi tiyar gero, ya matsa gaba ya tambayi wani, ya duba ko tiyar an cika ta da tozo ko an shafe, in kasuwar ta naira ce kamar Jibiya ranar Lahadi ya biya ta wurin 'yan canji ya ji yadda aka wayi gari, sannan ya aika. Aiki ne marar ɗaukar ido, babu mai kiransa taron ƙasa da ƙasa. Amma lambobin da Aker ta yi aiki da su, da waɗanda masu gargaɗin yunwa ke dubawa, daga irin wannan littafin suke fitowa. Sauran alkawuran K2M da ba su sami irin wannan ɗan aike ba sun dogara da kuɗin ayyuka masu wa'adi, kuma direban da ke bin hanyar yau zai faɗa maka ko shingaye sun ragu.

To me ke hana abin kama ƙasa? Babban dalili shi ne hanyar da kuɗi ke bi. Kuɗin bincike yana fitowa daga Turai ko Amurka ko manyan bankunan raya ƙasa, ya sauka a babban birni, sannan a nemi wanda zai tattaro bayanai a Maraɗi, a nemi wani dabam a Katsina. Kowannensu sama yake kallo, wurin wanda ya ba shi kwangila. Ba su da dalilin kiran juna. Tambayar ma ba su suka tsara ta ba. Shekarun da Turai ta damu da bakin haure, sai binciken iyaka a Nijar ya karkata Agadas. Da ta damu da ta'addanci, sai kowace takardar neman tallafi ta koma maganar tsaro. Tambayar mai aya da ke son sanin dalilin da ya sa kayansa ke kwana uku a bakin iyaka ba ta da mai saye.

Sai bambancin agogo. Gwamna yana son amsa kafin Juma'a, malamin jami'a yana buƙatar damina biyu kafin ya yarda da abin da ya gani, kuma ƙarin girmansa yana rataye ne da mujallar da ake bugawa a waje, wadda sakataren gwamna ba zai taɓa buɗewa ba. Gwamnoni da kantomomi kuma ana sauya su, wanda aka yi wa bayani bara ba shi ne a kujerar bana ba. Ga tsarin mulkin ma ba ɗaya ba: gwamnan Katsina zaɓaɓɓe ne mai kasafin kuɗinsa, amma iyaka da kwastan ba a hannunsa suke ba, suna Abuja, gwamnan Maraɗi naɗaɗɗe ne, wakilin Yamai. Lokacin da gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara suka zo Maraɗi a Satumban 2019 suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da takwaransu, sun yi abin da ya dace, amma a daidai lokacin iyakar tana rufe bisa umarnin da babu ɗayansu da ke da ikon ɗagewa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a taro ba, wato tsoro. Ɗalibi ya shiga magazar wani attajiri da takardar tambayoyi a hannu, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Daga jami'a nake, muna bincike ne kan yadda kaya ke ƙetarawa."

"Madalla, yaro. Wa ya aiko ka? Takardar nan in ka gama cika ta, hannun wa za ta?"

Tambayar Alhaji tana kan hanya, kuma duk haɗin gwiwar da bai tanadi amsarta ba ƙarya zai tattara. Kaso mai yawa na abin da ke ƙetare wannan iyaka ba ya bin ƙofar duwan: shinkafa a bayan babur, man ruwa-ruwa cikin jarka, dabbobi ta hanyar burtali. Idan jami'a ta ƙulla da hukuma har ɗan kasuwa ya fara ganin mai bincike a matsayin ɗan leƙen asiri, an rufe ƙofar ke nan, kuma ba ta buɗuwa da wuri. A yankunan Gidan Rumji da Madarunfa inda 'yan bindiga ke ɗaukar mutane, abin ya wuce asarar kaya, domin wanda aka gani yana yi wa baƙo bayanin hanyoyin daji yana iya rasa ransa. Saboda haka ni a ganina sharaɗin farko na kowace yarjejeniya tsakanin jami'a da gwamnati shi ne a rubuta ɓaro-ɓaro cewa hukuma za ta karɓi jimilla da fassararta, sunan mutum da lambarsa da hanyarsa kuwa suna wurin mai bincike, ko wa ya tambaya. Jami'in da bai yarda da wannan ba, rahoton sirri yake nema, kuma yana da ma'aikatansa na wannan aikin.

An rufe wannan iyaka daga 1984 zuwa 1986, har mutanen nan suka raɗa wa yunwar lokacin sunan Buhari. An sake rufe ta a Agustan 2019. Da aka buɗe Illela da Maigatari a Disamban 2020, Jibiya sai Afrilun 2022. Aka kuma rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina zuwa Gazawa, har zuwa Maris na 2024. Sau uku cikin shekaru arba'in. Kowane karo jama'a sun ga abu iri ɗaya da idonsu: kaya ba su daina wucewa ba, sun koma hanyar daji ne, kuɗin fito ya hau, mai ƙaramin jari ya karye, mai babban jari da sanayya ya ƙara ƙiba. Da akwai wata cibiya guda da ta riƙe lissafin ɓangarorin biyu tun daga rufewar farko, da duk mai shirin rufewa ta huɗu za a iya ajiye masa takarda shafi biyu a ce ga abin da ya biyo bayan na baya, a Jibiya da Ɗan Isa, a Dawanau da kasuwar Maraɗi. Ko zai ji ko ba zai ji ba, wannan nasa ne, amma ba zai ce ba a faɗa masa ba.

Maganar ruwa ma haka take. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta sa shi cikin ruwaye huɗu da ƙasashen biyu suka ce za su raba bisa adalci, a daidai lokacin da ake gina madatsar Jibiya a kansa. Manoman fadama a nan sun daɗe suna cewa ruwan ba ya zuwa yadda ya saba. Adalci a rabon ruwa kuwa sai da awo, kuma awon da ɓangare ɗaya ya yi shi kaɗai ɗayan ba zai yarda da shi ba. Wannan aiki ne da ɗaliban kimiyyar ruwa na jami'o'i biyu za su iya yi tare, su auna rijiyoyi iri ɗaya a wata ɗaya da ma'auni ɗaya.

Abin da ya bambanta yau da zamanin taron Katsina shi ne yanzu akwai masu yin aikin a gida. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan tun 2010. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, ta tarayya tana Dutsin-Ma, Bayero tana Kano da cibiyarta ta noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, tashar INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, tana Tarna kusa da Maraɗi, cibiyar LASDEL a Yamai ta horar da masu binciken zamantakewa da yawa tun 2001. Buƙatar kuma ta ƙaru, domin Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, manyan masu ba da tallafi na Turai sun ja baya tun 2023, saura hukumar haɗin gwiwa ta 1971 da zumuncin da ya girme ta. A irin wannan lokaci da 'yan siyasa ke wa juna kallon hadarin kaji, malamai biyu da ke duba kundin ɗalibi ɗaya suna iya riƙe igiyar da jakadu suka saki.

Ba babban gini nake nufi ba. Kasuwanni kaɗan a kowane ɓangare, a riƙa ɗaukar farashi da canjin kuɗi da yawan shingaye da abin da aka karɓa a kowanne, mako bayan mako, ko da tallafi ko babu. Kuɗin ya fito daga kasafin jami'o'in da majalisun jiha da ɗakunan kasuwanci, don kada aikin ya mutu ranar da baƙo ya naɗe tabarmarsa. A riƙa zama da sarakuna da shugabannin direbobi da 'yan tireda da matan da ke fiton ƙananan kaya tun wurin tsara tambaya. Sakamakon kuma a faɗe shi da Hausa a gidajen rediyo kafin a juya shi zuwa Faransanci da Ingilishi. Tun da dokar 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, babu sauran hujjar jin nauyin yin haka. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tafiyar ta matso.

Ina nufin layin dogo. An ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021, kilomita 284 daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, a hannun kamfanin Mota-Engil, kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Idan kaya suka koma cikin tarago a kulle, ina za a yi musu duwan, a Jibiya ko a Maraɗi? Me zai sami 'yan dako da masu abinci da 'yan kabu-kabu da 'yan canjin Ɗan Isa da Magamar Jibiya, waɗanda abincinsu ya rataya da tsayuwar mota? Mai buhu goma zai sami wuri a jirgin, ko sai mai tarago guda? Garin da aka gina arzikinsa kan bambancin da ke tsakanin kasuwa biyu, me zai zama idan bambancin ya ragu? Amsar kowace cikin waɗannan tana buƙatar a san yadda abin yake kafin jirgin: mutum nawa ke ci daga hanyar, mota nawa ke wucewa a mako, nawa ake kashewa kan buhu daga Dawanau zuwa nan. Wannan ƙidayar a bana ake iya yin ta, a Jibiya da Ɗan Isa lokaci guda, domin da zarar jirgin ya fara gudu babu sauran abin da za a gwada da shi.